Ragar Longhua: mutuwar ma'aikatan Foxconn da gardamar 'yancin mutuwa

A shekarar 2010 matasa 18 da ke aiki a masana'antun kamfanin Foxconn a ƙasar Sin suka yi yunƙurin kashe kansu. Mutum 14 sun mutu, 4 sun rayu da munanan raunuka. Ƙaraminsu shekara 17, babbansu 25. Akasarin abin ya faru ne a birnin Shenzhen, a harabobin kamfanin guda biyu, Longhua da Guanlan, kuma watan Mayu ya fi muni, domin kafin ya ƙare waɗanda suka mutu sun kai goma. Tun daga lokacin, duk sa'adda aka tayar da zancen sai ka ji wani ya ce rai na mai shi ne, wanda ya zaɓi ya tafi ba a ɗora wa wani alhakinsa. Ni ban yarda wannan magana tana da mazauni a nan ba, kuma dalilina yana cikin yadda aka tsara rayuwar yaran nan.

Garin da ke cikin katanga

Foxconn sunan kasuwanci ne na kamfanin Hon Hai, wanda Terry Gou ya kafa a Taiwan a 1974. A 1988 ya buɗe masana'antarsa ta farko a Shenzhen. Sana'arsa haɗa kayan wasu: Apple, Dell, HP, Nokia, Sony da Nintendo duk sun ba shi kwangila, shi ya haɗa, su buga sunansu. Zuwa 2010 ma'aikatansa a Shenzhen kaɗai sun haura 400,000. Longhua gari ne sukutum a cikin katanga, da bankuna, da asibiti, da 'yan kwana-kwana, da gidajen cin abinci, da wuraren ninkaya, da dogayen benaye na kwanan ma'aikata, da masu gadi a kowace ƙofa.

Masu cika layukan aikin 'ya'yan manoma ne daga lardunan ciki irin su Henan, Hubei, Hunan da Sichuan. A wancan lokaci mutum kimanin miliyan 150 ne suka bar yankunansu suna neman kuɗi a wasu wurare a ƙasar Sin. Akwai tsarin rajistar mazauna da ake kira hukou, wanda aka kafa tun 1958, ya ɗaure kowa da garin iyayensa. Yaron da ya baro ƙauye zai iya sayar da ƙarfinsa a Shenzhen, amma makarantar gwamnati ta 'ya'yansa, da gidan sauƙin haya, da yawancin tallafin lafiya, suna can inda aka yi masa rajista. Iyayensu da suka yi irin wannan ci-rani a baya sun yi shi da niyyar komawa gona. 'Ya'yan ba su iya noma ba, ba kuma sa son sa, birnin da suke so kuwa ba shi da niyyar karɓar su. Masana halayyar zamantakewa tara na ƙasar Sin sun fito da buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Mayu na 2010 suna nuni da wannan tsaka-mai-wuya.

A lokacin albashin tushe yuwan 900 ne a wata, daidai da mafi ƙarancin albashin da dokar birnin ta ƙayyade. Ba ya riƙe mutum, balle ya aika wani abu gida. Saboda haka kowa ya dogara da ƙarin awanni. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ce kada ƙarin ya wuce awa 36 a wata, amma masu bincike sun samu ma'aikata suna yin 80 har zuwa 100, bayan an sa su sa hannu a takarda cewa da son ransu suke yi. Wanda ya ƙi sa hannu sai a hana shi ƙarin gaba ɗaya, ya koma kan yuwan 900. Ka ga ke nan tun daga nan aka fara kiran tilas da sunan zaɓi.

A kan layi ba a hira. Aiki ɗaya ake maimaitawa cikin 'yan daƙiƙu, sau dubbai a wuni. Kafin a fara, shugaban layi zai tara mutane ya tambaye su yaya suke, su amsa da murya ɗaya cewa lafiya lau, lafiya ƙalau. Wanda ya yi kuskure ana iya tsayar da shi a gaban abokan aiki ya karanta takardar amsa laifi. A ɗakin kwana mutum takwas ne ko fiye, kuma ba a haɗa 'yan gari ɗaya ko 'yan sashe ɗaya. Wannan yana dutin dare, wancan na rana. In ɗaya ya shigo ɗaya yana barci ko ya riga ya fita. Wani matashin ɗan jarida da jaridar Southern Weekend ta tura ya yi kwana 28 yana aiki a ɓoye a Longhua ya ba da labarin mutanen da suke kwana ɗaki ɗaya ba su san sunayen juna ba. Ƙungiyar ƙwadago akwai ta, amma shugabarta a lokacin mataimakiya ce ta musamman ga Terry Gou.

Yarinyar da ta je neman katin albashi

Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su bar mana bayani ba. Amma ɗaya daga cikin huɗun da suka rayu ta yi magana da masu bincike, cikinsu har da Jenny Chan, kuma labarinta shi ne mafi kusa da za mu iya matsawa.

'Yar shekara 17 ce daga wani ƙauye a lardin Hubei. Mahaifinta ya ba ta kimanin yuwan 500 da tsohuwar waya, ta taho Shenzhen a watan Fabrairu na 2010. Aka sa ta duba gilashin na'urori ko akwai tabo ko ƙarzuwa. Takan yi awa 12 a wuni, hutun kwana ɗaya a mako biyu. Idanunta suka riƙa ciwo. Ba ta san kowa a ɗakinsu ba, kuma harsunan lardunansu ba ɗaya ba ne.

Da wata ya cika kowa ya karɓi albashi, ita ba ta ga nata ba. Ta tambayi shugaban layi, ya ce katin bankinta yana Guanlan, domin a can aka fara ɗaukar ta kafin a turo ta Longhua. Ta hau motar haya, tafiyar fiye da awa guda, ta shiga harabar da ba ta san lungunanta ba. Ta yini daga wannan ofis zuwa wancan, wannan ya tura ta gaba, wancan ya ce ba aikinsa ba ne. Har rana ta faɗi babu wanda ya ɗauki takardarta ya duba. Ta dawo hannu rabbana. Kuɗin da mahaifinta ya ba ta sun ƙare, wayarta ta lalace, ba ta da wanda za ta ara a wurinsa, ba ta da hanyar kiran gida. Ranar 17 ga Maris, kwana 37 da fara aikinta, ta faɗo daga hawa na huɗu na ginin kwanansu.

Ta yi kwana 12 ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo, daga ƙugu zuwa ƙasa ya shanye. Bayan watanni a asibiti kamfanin ya ba iyalinta yuwan 180,000 da sunan taimakon jinƙai, ba da sunan diyya ba, aka mayar da ita ƙauye. A can ta koyi saƙa takalman ɗaki tana sayarwa.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan yinin na Guanlan. Ba cuta ce mara magani ta kama ta ba. Albashin wata ɗaya ne da ta yi wa aiki, da ma'aikacin ofis guda ɗaya da zai ce mata zauna, 'yata, bari in duba miki. Abin da ya raba ta da ƙafafunta bai fi wannan ba.

Kafin ita, ranar 23 ga Janairu, an tsinci gawar wani saurayi ɗan shekara 19 daga Henan kusa da ginin kwanansu a Guanlan. Takardar albashinsa ta nuna ya yi awa 286 a watan da ya gabata, 112 daga ciki ƙari ne, wato ninki uku na abin da doka ta yarda. Bayan saɓani da na gaba da shi an mayar da shi wankin ban-ɗaki. Iyayensa da 'yan'uwansa mata ba su gamsu da bayanin hukuma ba, suka yi ta zarya a ƙofar masana'antar riƙe da hotonsa.

Abin da kamfanin ya yi

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Foxconn ya gayyato limaman addinin Buda su yi addu'a, ya ɗauki masu ba da shawara, ya buɗe layin waya na neman taimako. Ranar 26 ga Mayu Terry Gou ya zo Longhua da kansa, ya zaga da 'yan jarida, ya sunkuya ya ba da haƙuri. A daren ranar wani ma'aikacin ya sake mutuwa.

A cikin kwanakin ne aka raba wa ma'aikata wata takarda su sa hannu. Sun yi alkawarin ba za su cutar da kansu ba, kuma in hakan ta faru, su da iyalansu ba za su kai kamfanin ƙara ba, ba za su nemi abin da ya wuce tanadin doka ba. Da takardar ta fita jama'a suka yi ca, aka janye ta. A watan Yuni kuma kamfanin ya sanar da daina biyan kuɗin ta'aziyyar da yake ba iyalai, bisa zaton cewa kuɗin ne ke kwaɗaitar da wasu su sayar da ransu don iyayensu su samu. Ko da a ce akwai gaskiya a wannan zato, ai shi ma tuhuma ce a kan mai biyan albashin. Wane irin albashi ne zai sa yaro ya lissafa ya ga gawarsa ta fi shekarun aikinsa amfani ga gidansu?

An ƙara albashi: daga 900 zuwa 1,200 a farkon Yuni, sannan 2,000 daga Oktoba ga waɗanda suka ci gwajin wata uku. Wannan bai rasa nasaba da yajin aikin da ma'aikatan wata masana'antar Honda suka yi a Foshan a wannan watan na Mayu, wanda ya nuna wa masu masana'antu cewa tura ta kai bango. A lokaci guda Foxconn ya hanzarta kwashe aiki zuwa Zhengzhou da Chengdu, inda albashi ya fi araha.

Sai kuma raga. An kewaye benayen da ita don ta tare masu faɗowa, an sa wa tagogi ƙarfe, kuma hotonta ne ya zaga duniya. Mutane da yawa sun yi Allah wadai da ita, amma ni ba na cikinsu. A 1978 wani mai bincike, Richard Seiden, ya bi sawun mutum 515 da aka tare a gadar Golden Gate ta Amurka kafin su faɗa. Bayan shekaru kimanin 26, kashi 94 cikin ɗari suna raye ko sun mutu mutuwar Allah da Annabi. Ma'ana, wannan ƙunci yakan zo ne kamar guguwa ya wuce, wanda aka tare a wannan sa'a yawanci ba ya komawa. Raga tana ceton rai, kuma duk wanda ta tare iyayensa sun ci riba. Laifin Foxconn shi ne ya ɗauki ragar a matsayin amsa, ya bar gudun layi da tsawar shugabanni da kaɗaicin ɗakunan kwana kusan yadda suke.

Hujjar alƙaluma

Ranar 1 ga Yuni, 2010, Steve Jobs, shugaban Apple a lokacin, ya ce a wani taro a Kalifoniya abin yana damun su, amma Foxconn ba gidan bautar da ma'aikata ba ne, ga gidajen abinci, ga silima, ga wurin ninkaya, kuma in aka auna da yawan ma'aikatan, adadin bai kai na Amurka ba. Kamfanin ma da haka ya kare kansa.

Lissafin ba ƙarya ba ne. Binciken da Michael Phillips da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya ƙiyasta cewa a ƙarshen shekarun 1990 mutum 23 cikin kowane 100,000 ke kashe kansu a ƙasar Sin duk shekara. Mutum 14 cikin dubban ɗaruruwa bai kusanci wannan ba. Sai dai wancan adadi na ƙasa ya ƙunshi tsofaffi, da marasa lafiya, da matan karkara, kuma binciken ya nuna karkara ta ninka birni sau uku. Ma'aikatan Longhua matasa ne da aka duba lafiyarsu kafin a ɗauke su. Ƙidayar kuma ta tsaya ne a kan waɗanda suka mutu suna cikin rajistar kamfanin. Wanda ya ajiye aiki ya tafi, an rufe littafinsa. Sannan mace-macen sun taru a wuri ɗaya cikin 'yan makonni. Masana sun daɗe da sanin cewa irin wannan yana yaɗuwa in ana ta yayata shi, kuma babu shakka rahotannin watan Mayu sun ƙara wa wutar iska, har hukumomi suka taƙaita wa kafafen yaɗa labarai. Amma yaɗuwa ba ta kama wanda ke cikin walwala. Kuma ko da adadin ƙasa ya ninka haka sau goma, ba zai halatta awa 112 ga yaro ɗaya ba.

Lokacin ma ya kamata a duba. An fara sayar da iPad a Afrilun 2010, iPhone 4 kuma a Yuni. Watan da aka fi mutuwa, wato Mayu, ya faɗo ne a tsakaninsu. Wani bincike da Kenneth Kraemer da abokansa suka yi ya ƙiyasta cewa daga kuɗin iPhone ɗaya a 2010, kashi 58.5 cikin ɗari ribar Apple ce, ladan ma'aikatan Sin kuwa kashi 1.8. Foxconn kansa ribarsa a kan kowace na'ura siririya ce, don haka matsin da aka yi masa daga sama yake sauke wa na ƙasa.

Inda gardamar 'yancin mutuwa ta fito

Wannan gardama a gefen gadon asibiti aka haife ta. Jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki da dokarta a 1997, ga mara lafiyar da likitoci suka ce bai fi wata shida ya rage masa ba. Holand da Beljiyam suka bi a 2002. Dokar Holand ta gindaya sharuɗɗa: roƙon ya zama da son rai kuma bayan dogon tunani, wahalar ta zama mara jurewa kuma babu alamar sauƙi, likita da mara lafiya su gamsu babu wata mafita mai ma'ana, sannan wani likita na daban ya duba. Kanada ta shigo a 2016 bayan hukuncin kotun ƙoli na 2015. A Sin doka ba ta halatta likita ya ɗauki ran mara lafiya ba. Abin da Shenzhen ɗin nan ta yi, daga 1 ga Janairu, 2023, shi ne amincewa da wasiyyar da mutum ya rubuta cewa kada a tsawaita masa jinya da na'urori in ajali ya matso.

Ɗauki sharuɗɗan Holand, waɗanda masu goyon bayan wannan 'yanci suka rubuta da hannunsu, ka aza a kan yarinyar Hubei. Dogon tunani? Tsakanin zuwanta Guanlan da faɗowarta ba a jima ba. Wahalar da babu alamar sauƙinta? Katin banki ne a aljihun teburin wani. Babu wata mafita? Akwai goma, duk a hannun kamfanin suke. Ko a ma'aunin waɗanda suka fi kowa sassauci, babu likitan da zai sa hannu a kan wannan.

Akwai dai masu tafiya nesa da haka. Ranar 26 ga Fabrairu, 2020, kotun tsarin mulki ta Jamus ta yanke cewa 'yancin mutum ya yanke wa kansa mutuwa bai taƙaita ga mara lafiya ba, yana nan a kowane matakin rayuwa. A nan hujjar ta fi ƙarfi, kuma ya kamata a fuskance ta yadda take: in mutum baligi ne mai hankali, wa ya naɗa ka alƙalin abin da zai iya jurewa? Amma ita kanta kotun ta ce dole shawarar ta fito daga zuciya 'yantacciya, wadda ta san sauran hanyoyi, ba a matsa mata ba, kuma ta dawwama a kan ƙudurinta. Mutumin da ya yi makonni yana aikin dare babu isasshen barci, aka kunyata shi a gaban jama'a, ba shi da wanda zai kai wa kuka, ba ya cikin wannan siffa. Abin da ya kori ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wanda ya tsaya yana yaba wa ɓeran 'yancin zaɓinsa ya kau da kai daga abin da ya koro shi.

Haɗarin da nake gani shi ne yadda wannan harshe na zaɓi yake yi wa mai ƙarfi daɗi. Takardar ƙarin awanni ta ce da son ranka ka yi. Takardar watan Mayu ta ce in ka mutu kai ka so. Duka biyun aikinsu ɗaya: su kwashe nauyi daga kan mai masana'anta su aza wa yaro. Masu fafutukar naƙasassu a Kanada sun yi irin wannan gargaɗi lokacin da aka faɗaɗa dokar ƙasar a 2021 ta haɗa da waɗanda ajalinsu bai matso ba, kuma masanan haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun mara musu baya: in ƙasa ta sauƙaƙa wa talaka hanyar mutuwa alhali ta tsananta masa hanyar samun gida da magani, abin da zai zaɓa ba zaɓinsa ba ne.

Wasu kuma, daga ɗaya ɓangaren, suna kiran mace-macen Foxconn zanga-zanga, suna ɗaukar yaran a matsayin jaruman ƙwadago. Na fahimci zafin da ke bayan wannan, amma ina tsoronsa. A Janairun 2012 ma'aikata kimanin 150 a masana'antar Foxconn ta Wuhan suka hau rufin gini suka ce za su faɗo in ba a saurare su ba, sai da magajin garin ya zo aka lallashe su suka sauko. Wannan abin kuka ne. Yana nuna cewa ma'aikacin da aka hana ƙungiya ta gaskiya ba abin da ya rage masa na ciniki sai ransa, kuma duk wanda ya ƙawata wannan yana koya wa na baya cewa sai ka mutu za a ji ka.

Mu da muke karantawa daga nan

Ga Musulmi hukuncin a bayyane yake: rai amana ce, kashe kai haramun ne, ko fatan mutuwa saboda wata cuta an hana. Shi ya sa da yawanmu in suka ji irin wannan labari sai su ce ya mutu kafiri, su wuce. Wannan gaggawa ce da malamai ba su koyar ba. Ayar da ta ce kada ku kashe kanku, ta 29 a Suratun Nisa'i, ta fara ne da hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai dai ciniki bisa yardar juna. A aya ɗaya aka haɗa su. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya kamu da ciwo a baƙon gari, haƙurinsa ya gaza, ya ji wa kansa rauni har ya mutu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, hannayensa a lulluɓe, mutumin ya ce masa Allah Ya gafarta masa saboda hijirarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa hannayen nasa gafara. Shi ne kuma ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ya ce kada a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa. Yaran Longhua akasarinsu ba Musulmi ba ne, amma mai karanta labarinsu da idon Musulunci ba shi da damar riƙe haramcin farko ya saki sauran.

Kuma ba labarin nesa ba ne kamar yadda ake zato. A Yunin 2020 'yan sanda a Kano suka fito da ma'aikata fiye da ɗari daga wata masana'antar shinkafa a Challawa, inda aka tsare su watanni lokacin kullen korona. Sashe na 231 na dokar final kod da ke aiki a arewacin Najeriya ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Majalisar Ghana ta soke irin wannan tanadi a Maris na 2023, kuma ina ganin ta yi daidai. Wanda yake tsoron a kai shi kotu ba zai buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa ko likita ga abin da yake ji ba, alhali wannan buɗe bakin shi ne abin da ya fi tsirar da mutane.

Wa doka ta kama

Wasu ƙasashen sun amsa tambayar alhaki a kotu. A Japan, a shekarar 2000, kotun ƙoli ta ɗora wa kamfanin talla na Dentsu alhakin mutuwar wani matashin ma'aikacinsa da ya kashe kansa a 1991 bayan aikin da ya wuce kima, kamfanin ya biya iyayensa yen miliyan 168. Bayan wata matashiyar ma'aikaciyar kamfanin ta sake mutuwa haka a Disambar 2015, shugabansa ya sauka, kuma a 2018 majalisa ta ƙayyade iyakar ƙarin awanni da doka. A Faransa ma'aikatan kamfanin sadarwa na France Télécom 35 ne suka kashe kansu a 2008 da 2009, lokacin da shugabanni suka ƙudiri rage mutum 22,000 ta hanyar ƙuntata musu har su tafi da kansu. A Disambar 2019 kotu ta samu tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da laifin muzgunawar da aka mayar tsarin gudanarwa, ta yanke masa ɗauri, ta ci kamfanin tarar yuro 75,000. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma hukuncin ya tabbatar da cewa tsarin aiki yana iya zama laifi ko da shugaban bai taɓa ganin fuskar wanda ya mutu ba.

A Sin ba a yi irin wannan shari'a ba. Apple ya tura babban jami'insa Tim Cook zuwa Shenzhen a Yunin 2010 tare da masana, daga baya ya yaba wa matakan Foxconn a rahotonsa. A 2012 ƙungiyar Fair Labor Association mai sa ido kan yanayin aikin ma'aikata, wadda Apple ya shiga a Janairun shekarar, ta ji ta bakin ma'aikata fiye da 35,000 a Longhua, Guanlan da Chengdu, ta samu cewa a lokutan cika oda ana wuce awa 60 a mako a duka ukun, shekara biyu bayan an ɗaura raga. A Disambar 2010, wato ƙarshen shekarar mace-macen, gwamnati ta yi wa dokar inshorar raunin aiki gyara, amma sashe na 16 ya ci gaba da cewa wanda ya raunata kansa ko ya kashe kansa ba a lissafa shi cikin waɗanda aiki ya yi wa lahani. Saboda haka duk abin da iyalan yaran nan 14 suka karɓa, a idon doka kyauta ce kamfanin ya ga dama ya bayar, kuma babu manaja ko shugaban layi ko ɗaya da aka gurfanar a kan awannin da aka sa su yi.